Mai shago da kasuwar intanet: me ke hana kwastoma gudu?

Duk wanda ya zauna a bakin shago a Kantin Kwari ko Farm Centre a Kano ya ji kukan 'yan kasuwa cewa waya ta cinye musu ciniki. Da gaskiyarsu, amma rabin laifin yana cikin shagon.

Da wa mai shago yake gogayya?

Sunayen da aka fi ambata su ne Jumia da Konga, kamfanonin sayar da kaya ta intanet waɗanda suka fara aiki a Legas a 2012, sai Temu da ya shigo Najeriya a ƙarshen 2024 da kayan China masu arha. Amma mai sayar da atamfa da leshi a Kwari, ba su ne suka fi taɓa masa aljihu ba. Matar nan ce da ke zaune a ɗakinta a Hotoro ko Rijiyar Zaki, tana ɗora hotunan kaya a WhatsApp da Instagram. A Kwarin take saro kayan, wani lokacin ma ba ta saye su ba tukuna, hoto kawai ta ɗauka a shagonka, sai an yi oda ta aiko a karɓa. Aikin dillaliya ne da aka sani tun kaka da kakanni, mai shiga gida-gida da ƙunshin kaya, sai dai yanzu ƙunshin yana cikin waya.

Idan ta ɗora riba a kan farashin Kwari, me ya sa ake saya a wurinta?

Don tana amsawa. Ƙarfe goma na dare amarya za ta tambaye ta ko akwai wannan leshin a ruwan toka, ta mayar da amsa da murya, ta ƙara da bidiyo. Mai saye ba ta shiga cunkoso ba, rana ba ta dake ta ba, 'yan kamasho ba su bi ta suna "Hajiya me za a kawo?" har ta rasa inda za ta sa kanta ba. Ga farashin a rubuce. A kasuwa kuwa wasu sai sun ƙare wa mutum kallo daga takalmi zuwa mukullin mota kafin su faɗi kuɗi. Ranar da mai saye ta gane an sayar wa ƙawarta turmin da ta saya da ragi mai yawa, ta bar shagon ke nan, kuma ba za ta gaya maka dalili ba.

To me ya rage wa shago?

Abu da yawa. Shadda sai an murza ta a hannu, an fito da ita hasken rana, sannan a san ko ta amsa sunanta. Waya ta hannu sai an sa mata layi, an gwada kyamara da wurin caji, an ga yadda batir ke sauka. Hoto ba ya yin wannan aikin, shi ya sa hotunan "abin da na yi oda da abin da aka kawo min" suka zama abin raha a intanet.

Ga tayi da albarka, ga ɗan gyara, ga bashi ga wanda aka sani: tela ya ɗauki yadi ya kawo kuɗi bayan Sallah. Babban jarin shago dai shi ne gobe yana nan inda aka bar shi. Mai sayarwa a intanet da ba a san gidansa ba yana iya toshe lambarka da zarar kuɗi sun shiga. Mai shago ba shi da wurin gudu, kwastoma ya san layinsa, ya san maƙwabtansa, ya san ofishin shugabannin kasuwa.

Me za a ce game da rubutun nan na "kayan da aka saya ba a mayarwa"?

A ganina babu abin da ke zubar da wannan jarin kamarsa. Mutum ya baro intanet ya zo wurinka don ya samu wanda zai riƙe idan an samu matsala, sai ka tare shi da rubutu a ƙasan rasit cewa kada ma ya dawo. Alhali Jumia tana karɓar kaya cikin 'yan kwanaki idan an cika sharuɗɗanta.

Doka ma ba ta goyon bayan rubutun. Dokar gasa da kare haƙƙin masu saye ta 2018, wadda ta kafa hukumar FCCPC, ta ba mai saye damar mayar da kaya masu aibi ko waɗanda suka saɓa da abin da aka siffanta masa, kuma jihar Kano tana da tata hukumar da ke sauraron irin wannan ƙorafi. Tun kafin doka, malaman fiƙihu sun yi bayanin zaɓin aibi: wanda ya sayi abu ya tarar da lahanin da aka ɓoye masa yana da damar mayarwa. Akwai kuma hadisin da ya yi alkawarin yafiyar Allah ga wanda ya yarda ya warware ciniki da ɗan'uwansa da ya yi nadama.

Ba a ce mai shago ya zama wawa ba. Yadin da aka riga aka yanka, ko wayar da ta faɗa ruwa a hannun mai saye, ba wanda zai ce a karɓa. Abin da ake so shi ne a bambanta aibi da canjin ra'ayi, a faɗi ƙa'ida tun ana ciniki: "Alhaji, ka je ka gwada, in ta ba da matsala cikin kwana uku ka dawo da ita da kwalinta." A rubuta hakan a rasit. Yawancin masu saye ba za su dawo da komai ba, amma maganar ce ke sa su ciro kuɗi hankali kwance.

Ina matsayin yaron shago?

Shi ne fuskar shagon, tunda maigida yana Legas ko Dubai sarin kaya. Yaron da kansa ke sunkuye a kan TikTok, a yi sallama ya amsa ba tare da ya ɗago ba, ko ya ɓata rai don an sa shi ya sauko da turmi biyar ba a saya ba, yana korar ciniki fiye da Temu. Sau da yawa laifin na maigida ne: bai koya masa bambancin kaya ba, bai ba shi ikon rage ko naira ɗari ba sai an kira waya, ba ya kuma samun komai a kan abin da ya sayar. Ɗan kaso a kan kowane ciniki yana gyara fuskar yaro fiye da faɗa.

Dole ne mai shago ya shiga intanet shi ma?

Ya riga ya shiga ko bai sani ba. Ƙarancin takardun kuɗi a farkon 2023, lokacin canjin fasalin naira, ya tilasta wa har masu tebur karɓar taransfa, yau da wuya ka ga shago babu na'urar Moniepoint ko OPay. Abin da ya rage ƙarami ne: lambar WhatsApp ta shago wadda ake amsawa a kan lokaci, hoton kaya a hasken rana ba tare da an ƙawata launi ba, da farashi a jiki. In an aika kaya Gusau ko Maraɗi ta tasha, a tura wa mai kaya lambar direba da hoton ƙunshin, a kira washegari a ji ko ya isa. Kada dai a saki kaya don an nuna maka alat a wayar mai saye, sai ka ga kuɗin a naka asusun.

Zai iya karya farashi ya kamo Temu?

A'a, kuma kada ya gwada. Kamfanin da ke ɗauko kaya kai tsaye daga masana'antun China ba sa'an mai biyan hayar shago da kuɗin janareta ba ne. Amma kayan Temu sai an jira su kwanaki, wani lokacin makonni. Uwar angon da aka matso mata da ranar kai lefe zuwa Asabar ba ta da wannan lokacin, kuma za ta biya ƙari ga wanda zai haɗa mata akwatunan yau, ya canza mata mayafin da bai shiga da atamfar ba gobe da safe.