Iskar kabon ta ƙaru, me ya sa ba kowane itace ke ƙara kauri ba?

Ina alaƙar iskar kabon dayoksaid da sitacin itace?

Ganye na shaƙar iskar, ya haɗa ta da ruwa a hasken rana, ya yi sukari. Da sukarin itace ke yin saiwa da katako, rarar kuma ya mayar sitaci ya ajiye a saiwa da farin katakon da ke ƙarƙashin ɓawo. Ajiyar nan yake ci idan hunturu ya kaɗe ganyensa. Kafin zamanin masana'antu iskar na wajen 280 cikin miliyan, yau ta haura 420.

Ke nan itatuwan katako irin su odum da wawa na dajin Bobiri a Gana za su fi saurin girma?

Sai ƙasa ta yarda. Sukari kaɗai ba ya gina itace, sai da sinadaran ƙasa irin su naitirojin da fosfarus, da kuma ruwa, kamar dai a tara wa magini bulo a hana shi siminti. A dajin Duke na Amurka an ƙara wa itatuwa iskar da 200 cikin miliyan, kuma girman ya fi fitowa inda ƙasa ke da ƙarfi. A Ostareliya, kusa da Sidni, an ƙara wa tsofaffin itatuwan turare iskar da 150 cikin miliyan a ƙasa mai ƙarancin fosfarus. Sun yi ƙarin sukari, amma katako bai ƙaru ba. Yawancin ƙarin ya koma sama a matsayin iskar kabon, wajen rabinsa ta hanyar saiwa da ƙwayoyin halittar ƙasa.

Wannan ne ya fi shafar mu. Jar ƙasar dazuzzukan Gana tsohuwa ce, ruwan sama ya daɗe yana wanke ta, sinadarin ƙarfen cikinta kuma na riƙe fosfarus ya hana saiwa sha. Albarkarta na saman nan ne, cikin ruɓaɓɓen ganye.

Ina rarar sukarin ke zuwa?

Sitaci ya cushe ganye, ganyen ya rage aiki. Naitirojinsa ma ya ragu, tsutsa ta ƙara cin ganye kafin ta ƙoshi. Masu katako a unguwar Sokoban ta Kumasi ma sun san sitaci ta wata fuska: shi ƙwaron da ke mayar da katakon wawa gari yake nema.

Ana iya ganin sitacin da ido?

Ƙwarai. A tsinko ganye da yamma, a tsoma a tafasasshen ruwa minti 1, a jiƙa a sifirit mai ɗumi har koren ya fita, a ɗauraye, a ɗiga aidin. Wurin sitaci zai yi baƙi-baƙi. Kada a ɗora sifirit a wuta, a ruwan zafi ake ɗumama shi. Ganyen asuba ba ya nunawa sosai, don itace ya kwashe sitacin cikin dare.

Mai dashen goro ko itacen katako na ofram fa, me zai yi?

Kada ya ƙone ganyen da ya zuba, ya bar shi ya ruɓe a gindi. Idan filin da masu galamse, wato haƙar zinariya ba bisa ƙa'ida ba, suka ƙwaƙule ne, ya fara dawo da baƙar ƙasa da taki, ya shuka itatuwa dangin wake, sannan ya dasa. Kafin sayen takin zamani ya kai ƙasar a gwada a cibiyar binciken ƙasa ta Kwadaso a Kumasi, don zuba naitirojin inda fosfarus ne babu asarar kuɗi ce.