Bikin Tumaki da Ulu na Maryland: Ga Amsoshinku, Ku Bar Wayata Ta Huta

Da zarar watan Afrilu ya raba, wayata ba ta samun sukuni. Tun ranar da aka ga hotona a tsakiyar tumaki ina rungume da buhun gashi na zama ofishin tambaya. A gidan suna a tare ni, a walima a tare ni, ranar Juma'a a bakin masallaci a tare ni, kuma tambayoyin ba sa canzawa. To ga su na tara wuri ɗaya. Wadda ta ƙara kirana ƙarfe goma sha ɗayan dare don ta ji ranar da za a yi, wannan zan tura mata in kashe waya.

Wai bikin mene ne ma?

Taron makiyaya tumaki ne da masu kaɗi da marina da masaƙa. Sunansa Maryland Sheep and Wool Festival. Ƙungiyar masu kiwon tumaki ta jihar Maryland da ke Amurka ce ke shirya shi, kuma tun 1974 ake yi.

Yaushe ne, kuma a ina?

Asabar ɗin farko ta watan Mayu da Lahadin da ke biye mata, a filin baje koli na gundumar Howard da ke West Friendship, gefen babbar hanyar I-70, yamma da Baltimore. Ko ana ruwa ko ana rana ba a ɗagawa. Ki yi sammako. Wadda ta tsaya soya wainar ƙwai har ƙarfe goma, a layin motoci za ta ci rabin yininta.

Wane kaya zan sa?

Hajiya, turken tumaki za ki, ba ɗaurin aure ba. Bara na ga wata 'yar'uwarmu da leshi da takalmi mai tsini, tsinin yana nutsewa cikin ciyawa tana zaro shi, mijinta na riƙe mata jaka yana kallon sama. Ki sa takalmin da ba za ki yi kukansa ba in ya taka kashin tumaki, da zanen da bai ja ƙasa. Ki riƙo rigar sanyi da lema, don safiyar Mayu a nan tana iya zuwa da sanyi, azahar ta yi zafi, la'asar a tsuge da ruwa. In an yi ruwa kuwa, wurin ajiye motoci caɓi yake zama.

Ana biyan kuɗin shiga?

Da can kyauta ne, yanzu ana biya. Ki duba farashin bana a shafinsu, ki sayi tikiti tun daga gida.

Ni fa ban iya saƙa ba, ko kwarashi ban taɓa riƙewa ba. Me zan je yi?

Kwantar da hankalinki, babu mai tambayarki takardar shaida a ƙofa. Kallo kaɗai ya isa ya cika miki yini.

Ki fara da karnukan kiwo. Makiyayi na tsaye wuri ɗaya yana fito, kare yana rarrafe da ciki yana zagaye garke, ya kora su ta nan, ya tare su ta can, har ya zuba su cikin shinge ba tare da ya ciji ko ɗaya ba. Daga nan ki je wurin aski. Mai askin zai zaunar da tunkiya a kan gindinta, ya jingina ta da ƙafafunsa, sai ka ga ta yi laƙwas kamar jaririn da aka yi wa wanka. Cikin 'yan mintoci gashin ya sauko gaba ɗaya a haɗe, kamar an tuɓe mata riga. Akwai kuma gasar da nake so fiye da komai: mutum biyar, ɗaya mai aski, uku masu kaɗi, ɗaya masaƙi, a ba su awa uku su mai da gashin da ke jikin tunkiya mayafi. Da idonki za ki ga tunkiyar tsaye da safe, da rana ana gwanjon mayafin.

Abin da ya kama ni ranar da na fara zuwa kuwa wani abu ne daban. Wata tsohuwa na gani a kan kujera, ta murza mazari ta sake shi yana lilo a iska, tana jan gashi da hannun hagu. Sai na tsinci kaina a tsakar gidanmu ina kallon kakata da taskirarta da allinta, tana dangwala yatsa tana murzawa, sutu na ƙarewa zare na taruwa. Aikin ɗaya ne. Bambancin kawai, zaren auduga gajere ne, shi ya sa namu mazarin yake zaune cikin taskira don kada nauyinsa ya tsinke zaren, shi kuwa gashin tunkiya yana da tsawo da kamun juna, yana ɗaukar mazari a rataye. Na tsaya a kanta har ta miƙo mini ta ce in gwada. Abawa na yi mata, mai kaurin igiyar guga. Kakata da ta gani da ta ƙwace.

Ulu ai muna da shi jibge a Kantin Kwari. Me ya sa nasu yake da tsada haka?

Yawancin abin da muke kira ulu a kasuwanninmu zaren roba ne, daga man fetur ake yin sa. Ki gwada: ki yanki ɗan guntu ki kai shi bakin ashana. Na roba zai narke ya bar ƙwallo baƙi mai tauri. Na tunkiya zai yi ƙaurin babbakar kan rago, ya mutu da kansa, tokarsa ta murmushe a yatsa. Ba laifinmu ba ne da ba mu san shi ba. Uda da Balami da 'Yankasa duk tumakin gashi ne, ba su da ulu, don wa zai sa bargo a zafin Sakkwato? Sai can ƙasar Masina ta Mali ake da tumakin ulu, waɗanda Fulani ke saƙa barguna da gashinsu. In kin ci karo da wata tunkiya mai santsin jiki da ake kira Katahdin kika ji kamar kin san ta, ba ki yi kuskure ba: a jihar Maine aka samar da ita daga tumakin tsibiran Karibiyan, su kuma asalinsu Afirka ta Yamma ne.

Batun tsada kuma, ƙulli ɗaya mai giram 100 wanda aka rina da hannu yakan kai wajen dala talatin, kuma rigar sanyin babba tana cin ƙulli huɗu ko biyar, ko fiye. Ki yi lissafi tun kafin ki taɓa. Kuma in za ki saya, ki sayi abin da zai ishe ki a lokaci guda. Ke da kika san marina kin san tukunyar yau ba ta ba da launin ta jiya.

Ba ya ƙaiƙayi?

Ya danganta da tunkiyar. Na Merino siriri ne, wajen maikiron 20 (ma'aunin kaurin silin gashi ke nan), ko jariri zai sa. Wanda ya haura 30, irin na Romney da Lincoln, shi ne mai sukan wuya, amma ya fi ƙarko. Ki goga ƙullin a gefen wuyanki kafin ki biya. Tafin hannu ba ya faɗin gaskiya.

Naman ragon da ake gasawa a wurin fa?

Kada ki ɗauka yankan Musulmi ne don kin ga rago ne. Ki tambaya, in babu gamsasshiyar amsa ki wuce. Ni da kulata nake zuwa. Masallaci ma babu, don haka ki zo da dardumarki, ki yi azahar a ciyawa kusa da motarki. Babu wanda ya taɓa ce mini uffan.

Maigida ya ce in duba masa ragon layya tunda babbar salla ta matso.

Ki ce masa a'a. Tumakin gasa ne da na iri, kuɗinsu ya fi ƙarfin layya. Ga shi yawancin tumakin ulu a nan ana datse musu wutsiya tun suna ƙanana, kuma kin san malamanmu suna da magana a kan dabbar layya mai guntulalliyar wutsiya. Ya je gonar da ya saba zuwa.

Na ji ana sayar da ɗanyen gashi da araha. In sayi buhu in kai gida Najeriya a kaɗa mini?

Wannan ce tambayar da ba na iya amsawa a tsaye a bakin masallaci. Amsar tana tsakanin e da a'a, kuma ta fi karkata ga a'a, sai dai in kin cika wasu sharuɗɗa.

Arahar da kika ji, rabinta ruɗi ne. Da laba ake sayar da shi, kuma abin da ake auna miki ba gashi kaɗai ba ne. Akwai maiƙon jikin tunkiya da ake kira lanolin, akwai gumi, akwai ƙura da ciyawa. In kin wanke, gashin Romney yakan rasa kusan kashi ɗaya cikin huɗu na nauyinsa, na Merino kuwa yana iya rasa rabi. Kenan kilo huɗun da kika ɗauko kina murna, wataƙila biyu ne naki.

In kin nace, to ki koyi zaɓa. A rumfar sayar da gashin kowane buhu yana da takarda mai ɗauke da irin tunkiyar da nauyi da farashi. Ki nemi izini, ki zaro tufka ɗaya, kada ki yamutsa musu buhu. Tsawonta ya kai tsawon ɗan yatsanki ko ya fi. Ki riƙe bakinta biyu ki fizga kusa da kunnenki. In ta yi ƙara kamar tsirkiya, lafiyayya ce. In kika ji tana ɓarɓarkewa ko ta tsinke a tsakiya, tunkiyar ta yi ciwo ko yunwa a cikin shekarar, kuma duk gashin a daidai wurin zai riƙa tsinkewa. Ki duba guntayen da mai aski ya maimaita wuri, don su ne ke zama gudaji a zare. Ki duba ciyawa: wanki yana fitar da datti, amma ba ya fitar da ciyawa, da hannu za ki tsince ta ɗaya bayan ɗaya. Shi ya sa gashin tunkiyar da aka sa wa riga duk shekara ya fi tsada, kuma a ganina ya ci kuɗinsa. Mai farawa ta nemi Romney ko Corriedale, ko ƙaramin gashin Shetland da ba ya wuce kilo biyu. Merino ki bar wa gwanaye tukuna.

Sai wanki, inda nan ne na sha kunya. Buhuna na farko injin wanki na zuba shi, na danna na tafi girki. Da na dawo wani abu na ciro mai kama da kirgi, ko almakashi da ƙyar ya shige shi. Gashin tunkiya yana da ƙananan ɓawo a jikinsa, in zafi da sabulu da cuɗa suka haɗu sai su sarƙe da juna, kuma babu mai warware su har abada. Yadda ake yi, ki zuba ruwa mai zafi sosai, wajen digiri 60 a ma'aunin Celsius, da sabulun wanke kwanuka, ki nutsa gashin kaɗan-kaɗan cikin jakar raga, ki bar shi kamar minti ashirin ba tare da kin cuɗa ba. Ki ɗaga tun ruwan bai huce ba, in ba haka ba maiƙon zai koma ya zauna. Ki maimaita, ki ɗauraye da ruwa mai zafi ɗaya da na farko. Ruwan farkon kada ki tuttule shi a bahon wanka, maiƙon yana daskarewa a bututu. Ni sai da na kira mai gyaran famfo, kuma har yau maigida bai daina ba da labarin ba.

To batun kai shi gida. Ɗanyen gashi kayan dabba ne, ƙasashe suna da doka a kansa saboda cututtuka, kuma a Najeriya akwai hukumar killace kayan gona da dabbobi a filayen jirgi. Ki tambaye su kafin ki saya, kada ki dogara da "wance ta wuce da shi ba a ce komai ba". Wankakke ya fi sauƙin bayani, ga shi ba zai cika miki akwati da warin turke ba. Ko kin isa da shi lafiya, wa zai kaɗa? Tsofaffin da suka rage masu kaɗi hannunsu auduga ya sani, masaɓin da ke shiɓar auduga kuma ba shi ne kayan aikin ulu ba, sai kin haɗa da matajinsa. Wata za ta iya koya cikin mako guda, wata ta ce ki ɗauke mata gashin tumaki daga ɗaki. Sannan asu yana son ulu fiye da komai, musamman mai sauran maiƙo. In kuma an saƙa, a Kano kwana nawa za a sa? Safiyar hunturu kawai. In 'yan'uwanki a Jos suke ko a Mambila, wannan wata magana ce.

Abin da ni zan yi a matsayinki: in sayi rabin laba na wankakken gashi da aka riga aka taje, da mazari ɗaya, in gwada a kan kujerata tsawon shekara. In Mayu ta zagayo hannuna bai gaji ba, sai in shiga rumfar buhuna. Amma na san wasunku ba za su ji ba, don ni ma ban ji ba.

Gashin da ba a wanke ba najasa ne?

Gashin da aka aske daga tunkiya mai tsarki ne, har Alƙur'ani ya ambaci amfaninsa a Suratun Nahl, aya ta 80. Ki wanke hannunki dai kafin ki ci abinci.

Zan iya zuwa da yara?

Ki zo da su, za su ji daɗi. Amma ki riƙe su. Kada su zura wa tunkiya biskit, kada su taɓa zaren mutane da hannun maiƙo. Keken turin jariri kuma wahala ne a cikin rumfuna ranar Asabar, goyo ya fi. Lahadi ta fi sauƙin cunkoso, sai dai kyawawan kayan an riga an kwashe.

Anti, akwai wuri a motarki?

Mutum uku, kuma ƙarfe bakwai nake tashi, ba bakwai da rabi ba. Bayan motar nawa ne ni kaɗai, na riga na yi wa wata mai Corriedale magana.