Wane Hedifon Zan Saya, Na Gida Ko Na Tafiya? Tambayoyi da Amsoshi

Ina son hedifon guda ɗaya da zai yi mini aiki a gida da kuma kan hanya. Akwai shi?

Akwai, amma sai ka haƙura da wani abu. Abin da ke sa hedifon ya yi daɗi a ɗaki shi ne yake sa ya zama wahala a cikin a-daidaita-sahu. Don haka kafin ka tambayi farashi ko sunan kamfani, ka fara duba inda kake yawan sauraron kiɗa. Idan rabin ranarka a kan titi take ƙarewa, iyafis mai shiga cikin kunne ko hedifon rufaffe ne naka. Idan kuwa sai dare ya yi, gida ya yi tsit, sannan kake zama ka saurara, to babban hedifon mai rufe kunne gaba ɗaya zai fi biya maka buƙata. Mutane da yawa daga baya sukan sayi biyu, ƙarami mai araha na yawo da babba na ajiye wa a gida, kuma ni ma shawarar da nake bayarwa ke nan ga wanda aljihunsa zai ɗauka.

Ana cewa akwai buɗaɗɗe akwai rufaffe. Me ake nufi?

Bayan kofin da ke kan kunne ake nufi. Rufaffe bayansa a toshe yake, sauti ba ya fita sosai, hayaniyar waje ma ba ta shigowa sosai. Buɗaɗɗe kuwa raga ce a bayansa, iska na shiga tana fita. Kamfanin Sennheiser na Jamus ne ya fara fito da irinsa a 1968, wato HD 414.

Daɗin buɗaɗɗe shi ne sautin ba ya cushewa a cikin kai. Sai ka ji kamar makaɗan suna zaune gabanka, mai kalangu a wannan gefe, 'yan amshi a wancan, muryar mawaƙi a tsakiya. Kunne ma ba ya saurin yin gumi, wanda ba ƙaramin abu ba ne a watan Afrilu. Aibinsa kuma a fili yake: wanda ke kusa da kai zai ji duk abin da kake ji, kai ma za ka ji kukan yara da ƙarar janaretan maƙwabta. A gidan da babu shiru, kuɗinka ne kawai za su tafi. HD 600 na Sennheiser, wanda ya fito tun 1997 kuma har yau ana sayar da shi, misali ne na buɗaɗɗe. Daga cikin rufaffu akwai Sony MDR-7506, wanda ma'aikatan rediyo da masu haɗa sauti suke amfani da shi tun 1991, da Audio-Technica ATH-M50x.

Mece ce lambar "ohm" da ake rubutawa a kwali? Mai yawa ya fi kyau?

A'a, ba awon kyau ba ne. Lambar tana nuna yadda hedifon yake turje wa wutar da ake tura masa. Mai ohm 16 zuwa 32, waya za ta iya tuƙa shi ba tare da matsala ba. Mai 250 ko 300, kamar HD 600 ɗin nan, idan ka jona shi a waya kai tsaye, sau da yawa sai ka ƙure ƙara amma sautin ya fito a sanyaye, ganga ba ƙarfi. Irin wannan yana son amfilifaya ta musamman, wato na'urar ƙara ƙarfin sauti. Beyerdynamic DT 770 Pro ma kala-kala yake zuwa, akwai mai 32, mai 80 da mai 250, don haka a duba kwalin da kyau kafin a biya.

Ita kuwa lambar da ake rubuta "20 Hz zuwa 20,000 Hz", kada ta ruɗe ka. Wannan shi ne iyakar abin da kunnen ɗan Adam mai ƙuruciya yake iya ji, kuma kusan kowane hedifon, har na dubu biyu a bakin titi, haka ake buga masa.

Mai igiya ko Bluetooth?

A kuɗi ɗaya, mai igiya ya fi ba da sauti mai kyau, domin a na Bluetooth wani ɓangare na kuɗinka batir da na'urorin cikinsa ya saya. Sannan Bluetooth yana matse sauti kafin ya aika. Faifan CD yana ɗauke da kilobit 1,411 (awon yawan bayanan sauti) a daƙiƙa ɗaya, alhali LDAC na Sony, wanda yana cikin mafi ƙarfin hanyoyin aikawa, a 990 yake tsayawa, kuma sai wayar da hedifon ɗin duka sun san shi zai yi aiki. IPhone wata hanyar aikawa mai suna AAC take amfani da ita, ba ta da LDAC ko ɗaya hanyar mai suna aptX. Amma tsakani da Allah, a cikin mota ko kasuwa ba kowa ne zai gane bambancin ba, balle idan waƙar MP3 ce mai kilobit 128 da ta sha yawo daga waya zuwa waya.

Abin da ya fi damuna da na Bluetooth shi ne batir. Bayan 'yan shekaru yakan daina riƙe caji, kuma a ƙananan iyafis canza shi yana da wuya ƙwarai. Mai igiya kuwa, musamman wanda ake cire igiyarsa a sa wata, yana iya yin shekara goma ko fiye. Ga kuma batun wuta: ba ruwansa da caji. Idan wayarka ba ta da ramin hedifon, kamar yadda Apple ta cire shi tun iPhone 7 a 2016 wasu kamfanoni suka bi sahu, ɗan ƙaramin adafta ya isa.

Hedifon mai kashe hayaniya fa, ya cancanci tsadarsa?

Ya danganta da irin hayaniyar. Yana da ƙananan makirufo da ke jin ƙarar waje, sai ya fitar da kishiyarta ta soke ta. Yana aiki sosai a kan ƙara mai kauri da ba ta canzawa, kamar ta injin jirgin sama, fanka, doguwar mota ko janareta. Hon, kuka ko surutun mutane kuwa sukan ɓullo. Mai yawan tafiya zai ji daɗinsa. Mai tafiya a ƙasa a gefen titi ko mai tuƙa babur ya guje shi.

Ni dai bes nake so. Ba shi ne alamar mai kyau ba?

Son bes, wato sauti mai kauri irin na ganga, ba laifi ba ne, amma shi ne abin da ya fi sauƙin yaudarar mai saye. Cikin minti ɗaya a shago sai ya burge ka, bayan awa ɗaya kai ya yi nauyi, ka lura muryar mawaƙi ta nutse. Bes mai kyau yana bugawa ya tsaya, kana jin kowane bugu daban. Mara kyau sai ya yi ta gurnani ya lulluɓe komai. A iyafis kuma, yawancin masu kukan rashin bes robar kunnen ce ba ta dace da su ba. Robobi ukun nan da ke zuwa a kwali, ƙarama, matsakaiciya da babba, a gwada su duka, domin idan iska na zurarewa bes ya tafi.

Ta yaya zan gwada a kasuwa, kuma in kauce wa jabu?

Je da wayarka da waƙoƙin da ka haddace, ɗaya mai yawan ganga, ɗaya murya zalla kamar karatu ko hira. Kada ka yarda da waƙar da mai shago ya sa maka, kuma kada ka gwada da ƙara a ƙure. Bar shi a kanka na mintoci, da tabarau idan kana sawa, ka ji ko yana matse kai ko yana ƙona kunne. Tambayi ko ana samun soson kunnensa daban, domin fatar roba tana saɓulewa da zafi da gumi. Na motsa jiki ya kasance yana da alamar IPX4 aƙalla, wadda ke nuna yana jure gumi da fantsamar ruwa.

Jabu sun fi yawa a sunayen da suka fi tashe, AirPods da JBL da Beats, kuma kwalinsu yakan yi kama da na asali har ba a ganewa. Farashi ne ke tona su. Idan an ce maka kashi ɗaya bisa biyar na kuɗin da aka sani, ajiye shi. Gara Oraimo ko Soundcore na asali mai garanti da babban suna na bogi.

Ƙara nawa ce ke lalata kunne?

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba zai iya sauraron desibel 80 (awon ƙarfin ƙara) na tsawon awa 40 a mako ba tare da illa ba, kuma da an ƙara ƙara lokacin yana raguwa da sauri. Ƙwayoyin ji na cikin kunne idan suka mutu ba sa dawowa. Hedifon da ke toshe hayaniya da kyau yana taimakawa a nan, tunda ba sai ka ƙure ƙara don ka rinjayi titi ba. Ka riƙa tsayawa wajen kashi 60 cikin 100, kana hutar da kunne. Idan ka cire hedifon ka ji kunnenka yana shiii, ko maganar mutane ta koma kamar daga nesa, ka wuce iyaka. Idan abin ya ƙi wucewa bayan kwana ɗaya ko biyu, a ga likitan kunne.