Keken Hawan Dutse a Legas: Ga Amsoshin Tambayoyinku

Tambayoyin nan na amsa su a bakin masallaci a Agege, na amsa su a Mile 12 da Alaba Rago, na amsa a waya har na gaji. Kusan duk iri ɗaya ne. Na tara su wuri guda, wanda ya sake yi mini ɗaya daga ciki nan zan turo shi.

Legas ba ta da dutse, to me kuke hawa?

Hanyar ƙasa. Keken an ƙera shi ne don duk inda kwalta ta ƙare: jar ƙasa, rairayi, taɓo, kwazazzabo, hanyar gona. Ka fita Ikorodu ka bi ta Imota da Agbowa, hanyoyin ƙauye sun ishe ka. Wajen Epe akwai tudu da gangara. Badagry kuwa rairayi ne a tsakanin itatuwan kwakwa, kuma rairayi ya fi tudu cin ƙarfin ƙafa. Mai son ganin dutse da idonsa sai ya ɗaura keke a mota ya tafi Abeokuta ko Idanre, in ya je gida Arewa kuma Jos na nan.

Mene ne bambancinsa da keken da muka sani?

Taya mai kauri da haƙora, giya mai yawa, shakazoba a gaba, birki mai ƙarfi. Shi ke nan.

Ina da mota. Mutane ba za su ce karayar arziki ta same ni ba?

Za su ce. Sai me? Alhaji, wannan tambayar ita ta fi ɓata mini rai, domin mai yin ta sau da yawa likita ya riga ya gaya masa hawan jini ko ciwon suga ya fara leƙo shi. Kana zaune a shago daga safe har dare, ka tashi ka zauna a mota cikin cunkoso, ka isa gida ka ci tuwo ka kwanta, sannan abin da ya dame ka shi ne maganar maƙwabta. Iyayenmu da Raleigh suka ci kasuwannin ƙauye, babu wanda ya raina su. Yaushe keke ya zama abin kunya?

Wai su wa suka fara wannan abu?

Wasu matasa ne a gundumar Marin ta jihar Kalifoniya a Amurka, cikin shekarun 1970. Tsofaffin kekuna masu nauyi suka riƙa tsintowa, su gyara, su gangaro da su daga dutsen Tamalpais. A 1976 suka fara tseren da ake kira Repack. Ɗaya daga cikinsu, Joe Breeze, ya ƙera keken musamman don wannan aiki a 1977, kamfanin Specialized ya fito da Stumpjumper a 1981, zuwa 1996 wasan ya shiga gasar Olamfik a Atlanta. A nahiyarmu ma akwai tseren Cape Epic na Afirka ta Kudu tun 2004. Abin da nake so ka riƙe a nan shi ne da tsohon ƙarfe abokai suka fara, kada ka zauna jiran keken miliyoyi.

Me kuke ji a ciki har kuke tashi da asuba saboda shi?

Duk wanda ke zaune a Legas ya san kansa ba ya hutawa. Kuɗin haya, kayan da suka maƙale a hanya daga Arewa, hon ɗin danfo, ƙarar janareta, kiran waya daga gida ana neman taimako. Ko a kwance kake lissafi kake yi. To a kan gangarar jar ƙasa wadda ruwa ya zaizaye babu wurin lissafi. Idonka na kan rami na gaba, yatsunka na kan birki, in hankalinka ya tafi kasuwa sai ka sha ƙasa. Awa biyu ko uku ba ka tuna komai ba sai hanyar da ke gabanka, kuma ban san wani abu a garin nan da ke ba mutum wannan hutun ba. Ga kuma ganin ƙasa. Da yawa cikinmu a ƙauye muka tashi, muka shekara da shekaru a nan ba mu taka gona ba. Ranar da ka ratsa gonar rogo da safe ka ji ƙanshin ƙasa mai raɓa, za ka gane abin da ka yi kewa.

Amma ba wannan ke riƙe mutum ba. Na ga masu sayen keke mai tsada su hau su kaɗai, wata biyu ya koma jingine a bayan ƙofa. Waɗanda suka daɗe su ne masu abokan fita. Ka san akwai mutanen da ke tsaye suna jiranka a mahaɗa ƙarfe shida, kunya ma ba za ta bar ka ka koma barci ba. A cikinmu akwai Bayarabe ma'aikacin banki, akwai Ibo mai sayar da kayan mota, akwai Bahaushe ɗan canji da mai sayar da albasa, kuma in tayar ɗaya ta yi faci kowa sauka yake yi. Wani ya ciro tub, wani famfo, wani ya riƙe keken. Babu mai tambayar aikinka ko garinku kafin ya miƙo maka gorar ruwansa. A garin da kowa ke sauri yana ture ɗan'uwansa, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Sabo zan saya ko na tokunbo, kuma wane iri?

Nan dole in ja magana, domin amsar ta danganta da aljihunka da tsayinka da kuma wanda zai riƙa gyara maka. A ganina, ga mai farawa, tokunbo mai kyau ya fi sabo mai araha. Sababbin nan masu ƙyalli da shakazoba gaba da baya da ake sayarwa da sauƙi, yawancinsu nauyi ne kawai, shakazobar ado ce, birkin kuma ba ya jure gangara. Araha ba ta ado. Sai dai tokunbo ma ba duka ne na kirki ba, wani an kawo shi ne bayan ya gama aiki, don haka kada ka je kasuwa kai kaɗai in ba ka san keke ba. Ɗauki wanda ya sani, ka saya masa abinci, gara haka da asara.

Fara da girman keken. Ka tsaya da shi a tsakanin ƙafafunka, ya kasance akwai tazarar 'yan yatsu tsakaninka da sandar sama. In ya yi maka girma ko ƙanƙanta, bar shi komai kyansa, ciwon baya da gwiwa za ka saya. Sannan ka duba jikin ƙarfen a wuraren walda, musamman wuya da ƙasan feda, ko akwai tsaga. Sabon fenti a wuri guda abin tuhuma ne. Na alminiyam ya fi dacewa da mu. Na kabon ba shi da nauyi, amma tsagarsa kan ɓuya a ido, kuma mai walda ba shi da abin da zai yi masa, ni dai ba na ba mai farawa shawarar sayensa na hannu. Danna shakazoba ka saki: in ta sandare, ko mai na tsiyaya, ko sandunanta sun karce, gyaranta na iya kusan kai kuɗin keken. Riƙe birkin gaba ka girgiza keken, in wuya na ƙas-ƙas akwai aiki. Juya kowace taya ka ga ko gargaren ya karkace. Ja sarƙa daga jikin haƙoran gaba, in ta ɗago har ka hango haske ta cinye, kuma sau da yawa haƙoran baya sun tafi tare da ita.

Mai shakazoba a gaba kaɗai ya wadatar da duk hanyoyin da na lissafa. Girman taya kuwa iri uku ne, inci 26, 27.5 da 29. Na 29 ya fi daɗin tsallake ramuka kuma ya fi dacewa da dogo, amma tayar 26 da tub ɗinta sun fi sauƙin samu a wurin masu gyaran keke na unguwa, wannan kuwa abin dubawa ne ranar da ka lalace a bayan gari. Ba zan ce lallai ka ɗauki wannan ko wancan ba. In kai dogo ne kuma ka san inda za ka samu kayan gyara, ɗauki babba. In ba haka ba, 26 ba zai ba ka kunya ba.

Birki ma haka. Mai aiki da mai ya fi kamawa, musamman cikin taɓo, sai dai yana son bakanike da ya san shi. Na kamfanin Shimano man ma'adini yake sha, galibin tsofaffin na kamfanin SRAM kuma man birki na DOT irin na mota, in aka zuba wa ɗaya na ɗaya robobin ciki lalacewa suke yi. In babu wanda ya iya a kusa da kai, gara mai waya, kowa na iya gyara shi. Duba kan tub ma: akwai mai kauri irin na mota, akwai siriri, kuma famfon mai faci na bakin titi ba ya kama siririn sai da ɗan mahaɗi. Abu na ƙarshe, karɓi rasit mai lambar da ke ƙasan keken. Kekunan sata na yawo, kada ka sayi rigima. Kuma kada ka ƙarar da kuɗinka a kan keken, ka rage na hular kwano, famfo, tub biyu da man sarƙa. Farashi ban faɗa ba da gangan, yana bin dala.

Hular kwano dole ce?

Dole ce. Babu hula, babu fita da mu. Hular masu gini ba ta cikin lissafi.

Ina tsoron kada in gaji ku tafi ku bar ni a daji.

Kwantar da hankalinka, ƙanina. Ba a barin kowa. Akwai mai jan gaba da ya san hanya, akwai wanda aikinsa ya tsaya a can baya, kuma duk mararraba ana jira sai an cika. In tudu ya fi ƙarfinka sauka ka tura, kowa da ka gani a gaba ya taɓa turawa. Abin da ba ma so shi ne ka ɓoye gajiya don kunya har jiri ya kwashe ka. Ka ce "na gaji", a tsaya a inuwa. Sabon shiga ba ya ɓata wa kowa rai. Mai ɓata rai shi ne wanda ya zo nuna gwaninta, ya wuce mai jan gaba, ya ɓata, a shafe safiya ana nemansa.

Mutanen ƙauyukan ba sa jin haushinku?

Suna ji in an yi musu rashin kunya. Hanyar tasu ce. Rage gudu in ka shiga gari, ka gaida dattawa ko da "e kaaro" kaɗai ka iya, ka ba mai ɗauke da kaya hanya, kada ka taka shuka, kada ka jefar da ledar ruwa. Kada ka ɗauki hoton mutum ba izininsa. In ka ga wurin da aka kewaye da farin ƙyalle ko ganyen kwakwa, wuce abinka, ba wurin tsayawa ba ne. Mutum ɗaya in ya yi wauta, duk mai keke da ya biyo baya shi zai biya.

Sallah fa, da azumi?

Bayan Asuba ake fita, kafin Azahar an dawo. Da azumi a rage nisa, ko a ɗan zaga dab da shan ruwa kusa da gida. Kada ka shiga doguwar hanya cikin rana da ƙishirwa, zafin Legas mai gumi ne, ruwan jiki saurin ƙarewa yake yi.

Mata na iya hawa?

Suna hawa. Hajiya, dogon wando a ƙarƙashin riga, ɗankwali ko hijabi gajere a ƙarƙashin hula, a kiyaye duk abin da zai faɗa cikin sarƙa ko taya. Ku nemi 'yan'uwa mata ku fita tare, ya fi daɗi kuma ya fi kwanciyar hankali ga gida.

Da damina ana fita?

Ana fita, amma ba ranar da aka kwana ana ruwa ba. Watan Yuni da Yuli jar ƙasa kan zama taɓo mai kama taya, kuma kududdufi ba ya nuna zurfinsa, in ba ka ga ƙasansa ba sauka ka kewaye. Da ka dawo wanke keken a ranar, ka goge sarƙa ka sa mata mai. Iskar teku da danshi na cin ƙarfe da sauri a nan, keken da aka jingine da taɓo mako guda tsatsa ta kama shi. Kuma kada ka kai shi wurin wankin mota a fesa masa ruwa mai ƙarfi, yana kore giris daga cikin boris. Bokiti da tsumma sun isa.

To ka ara mini naka in gwada mana.

Na gwaji zan ara maka, amma tare za mu fita. Asabar bayan Asuba. Ka karya da abu mara nauyi, ka zo da ruwa lita biyu, takalmi rufaffe da wandon da ba zai shiga sarƙa ba. Hula ina da ta biyu. In ka san ba za ka tashi ba, ka faɗa mini tun daren Juma'a, akwai wani da ke jira.