Ficewar Nijar Daga ECOWAS: Shin Sai Da Biza Za A Tsallaka Iyaka?

Tun da Nijar da Mali da Burkina Faso suka kammala ficewa daga ECOWAS ranar 29 ga Janairun 2025, wata magana ke yawo a WhatsApp da tashoshin mota: wai ɗan Nijar ba zai shiga Najeriya ba sai da biza, wai fasfo mai tambarin ƙungiyar ya zama takardar tsire. Waɗanda abin ya fi tsorata matasa ne, masu kai kaya Maraɗi ta Jibiya, masu shiga Konni ta Illela, 'yan ci-rani, da ɗaliban Najeriya da ke karatu a Maraɗi. Maganar ba haka take ba.

Yarjejeniyar da aka sa wa hannu a Dakar a 1979 ita ce ta ba ɗan kowace ƙasa ta ƙungiyar damar shiga wata ba tare da biza ba. A ranar ficewar, ECOWAS ta umarci ƙasashenta su ci gaba da karɓar fasfo da katin shaida masu tambarinta daga hannun 'yan ƙasashen uku, su kuma bar su su shiga su zauna kamar da, har sai an fitar da wata sanarwa. Su ma ƙasashen ukun, waɗanda suka kafa nasu ƙawancen mai suna AES, tun Disambar 2024 suka ce 'yan ECOWAS ba sa buƙatar biza a wurinsu.

Inda ake yin tuntuɓe shi ne sharuɗɗan. Rashin biza ba ya nufin rashin takarda. Yarjejeniyar ta ce a riƙe sahihiyar takardar tafiya da katin rigakafi, a kuma bi ta ƙofar da hukuma ta sani. Yaron da ya goya fasinja a babur ya zagaye ta daji don ya kauce wa shinge, shi da fasinjan sun fita daga inuwar dokar, ko da kakarsu ɗaya da mutanen ƙauyen da za su.

Sai batun kwana 90 da yarjejeniyar ta ba wanda ya shiga ba tare da biza ba. Wannan wa'adin ziyara ne, ba lasisin zama na dindindin ba. Wanda zai wuce haka a Najeriya, don karatu ko sana'a, sai ya nemi katin zama a ofishin shige da fice. Kuma kowace ƙasa ta riƙe ikon hana shiga ga wanda dokarta ta ce ba a yarda da shi ba. Nijar ma ta fitar da sabuwar dokar shiga da zaman baƙi a Janairun 2025, don haka duk mai niyyar daɗewa can ya tambayi jami'ai a bakin iyaka tun kafin ya sauke jakarsa.

Ni dai abin da ke damuna shi ne wannan "har sai an fitar da wata sanarwa". Saurayin da ya zuba jarinsa a fataucin wake ko raguna bai cancanci a rataye abincinsa a kan jumlar da za a iya sokewa da dare ɗaya ba, musamman bayan ya ɗanɗani rufe iyaka daga Agustan 2023 zuwa Maris 2024. Matasa ne ke ɗauke da zumuncin nan a aikace, amma ba su ake tambaya ba. Ƙungiyoyin direbobi da na 'yan kasuwa da na ɗalibai a Katsina da Maraɗi, da Daura da Damagaram, su haɗa baki su nemi gwamnatocin biyu su rubuta wannan 'yanci a yarjejeniya tabbatacciya, a liƙa sharuɗɗanta da Hausa a kowace ƙofa.