Sashen azigos na huhu

Sashen azigos wani ɗan yanki ne da ake samu a saman huhun dama na wasu mutane ƙalilan. Halitta ce da ake haihuwar mutum da ita, ba cuta ba ce, kuma mafi yawan masu shi ba sa sanin suna da shi sai an ɗauki hoton ƙirjinsu saboda wani dalili daban. Masanin ƙirar jiki na Jamus, Heinrich August Wrisberg, ne ya fara bayyana shi a shekarun 1770.

Huhun dama yana da sassa uku, na hagu biyu. A bayan ƙirji akwai jijiyar jini mai suna azigos. Tana hawa ta gefen dama na ƙashin baya, ta lanƙwaso ta kan babban bututun iska na dama, ta zuba a babbar jijiyar da ke mayar da jinin kai da hannuwa zuwa zuciya. Tun ɗan tayi yana ciki, jijiyar da za ta zama azigos takan matsa zuwa tsakiyar ƙirji, ta bar wa huhu wuri. A wasu, ba ta matsawa. Sai huhu ya yi girma ta gefe da gefenta, ita kuma ta nutse cikin samansa kamar igiyar da aka ɗaure buhun auduga da ita, ta ja tantanin da ke lulluɓe huhu da na bangon ƙirji har ninki huɗu. Yankin da ya rage tsakanin wannan tsaga da tsakiyar ƙirji shi ne sashen azigos. Ba shi da bututun iska nasa na kansa, daga sashen sama yake samun iska, shi ya sa masana ba sa lissafa shi a matsayin sashe na huɗu.

Ana ganinsa a kusan kashi 0.4 cikin ɗari na hotunan ƙirji na X-ray, a hoton CT kuwa (hoton da ke nuna cikin jiki yanki-yanki) sama da kashi 1 kaɗan. A ɓangaren hagu da wuya ƙwarai a same shi.

A hoto, wani siririn layi ne yake saukowa daga ƙololuwar huhun dama, ya ɗan yi baka, ya ƙare da ɗan farin dunƙule mai siffar ɗigo. Dunƙulen nan jijiyar ce da kanta. Wanda idonsa bai saba ba yana iya ɗaukarsa ƙari, ko maruru a huhu, ko tabon tsohon ciwo.

Wannan ruɗu yana da nauyi a Zamfara. Tarin fuka ya fi son saman huhu, daidai inda wannan layi yake. Ga kuma masu niƙa dutsen zinariya a yankunan Anka da Bukkuyum, waɗanda ƙurar dutse kan yi wa huhunsu illa. Idan irin wannan mutum ya zo asibiti a Gusau da tari, aka ga inuwa a saman huhunsa, zuciya takan tafi ga tarin fuka. Abin takaici ne a ɗora mutum kan magani na wata shida saboda jijiyar da aka haife shi da ita. Gwajin kaki shi ne ke tabbatar da tarin fuka, hoton CT kuma yana nuna jijiyar ƙarara. Amma samun sashen azigos ba ya kore cuta, domin tarin fuka ko ƙari na iya kama shi kamar sauran huhu.

Ba ya buƙatar magani ko tiyata. Wanda ya fi buƙatar sanin yana nan shi ne likitan fiɗa, musamman a aikin da ake zura kyamara cikin ƙirji, saboda tantanin yana kare masa gani, kuma yanke jijiyar bisa kuskure yana jawo zubar jini mai yawa. Don haka ake so mai karanta hoto ya rubuta shi a rahotonsa, mai shi kuma ya ajiye hoton don nuna wa likita a gaba.