Fili a Hannun Gwamna: Me Ɗan Takara Zai Iya Alkawartawa?

Wai da gaske duk ƙasar jiha ta gwamna ce?

Riƙon amana aka ba shi. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, wadda gwamnatin soja ta Obasanjo ta kafa, ta damƙa filayen kowace jiha a hannun gwamnanta domin amfanin jama'a. Abin da ke hannunka izinin zama ne, galibi na shekara 99, ko da kuwa kana da takardar mallaka. In za ka sayar ko ka jinginar wa banki, sai gwamna ya sa hannu. Filayen karkara kuwa ƙaramar hukuma ce ke bayarwa.

To ɗan takara zai iya cewa zai soke dokar?

In ya faɗa, yaudara ce ta lokacin kamfe. Sashe na 315 na kundin tsarin mulkin 1999 ya kulle ta, ba a taɓa ta sai ta hanyar da ake gyaran kundin kansa.

Gwamna na iya ƙwace fili na?

Yana iya soke izinin, amma sai don wata buƙata ta jama'a: hanya, asibiti, makaranta. Dole a ba ka sanarwa a rubuce, kuma sashe na 44 na kundin tsarin mulki ya ba ka damar neman diyya da zuwa kotu. Sai dai diyyar ta abin da ka gina ko ka shuka ce, ƙasar kanta ba a biyan kuɗinta. Manomin bayan gari shi ya fi shan wuya a nan: a ƙirga masa 'yan bishiyoyi, a yanka gonar fuloti-fuloti, gobe ya ga masu hali sun zagaye ta da katanga. Mai awon igiya da ba shi da komai sai takardar mai unguwa, nasa ya fi muni.

Me rusau na Kano ya nuna?

Tun kafin a rantsar da shi gwamnan Kano a 2023, Abba Kabir Yusuf ya gargaɗi masu gini a filayen gwamnati da aka sayar a zamanin tsohon gwamna Ganduje. Da hawansa aka rushe gine-ginen tsohon otal ɗin Daula da shagunan Filin Idi. Magoya baya suka ce an cika alkawari, kuma hujjarsu ba ta banza ba ce, don filin makaranta ko na idi ba kayan rabo ba ne. Amma 'yan kasuwar sun garzaya Babbar Kotun Tarayya, ta kuma yanke diyyar naira biliyan 30. A ganina laifin wanda ya sayar bai kamata ya faɗa kan wanda ya saya da takardar hukuma a hannu, ba tare da an saurare shi ba.

Wane alkawari ne ya cancanci ƙuri'a?

Wanda zai ɗaure hannun ɗan takarar ne shi kansa. A tambaye shi: zai buga sunayen duk waɗanda aka ba fili? Zai biya diyya kafin katafila ta iso? Burtali da makiyayar da dokar Arewa ta 1965 ta tanada, zai shata su a fili? Sannan wanda ba ɗan asalin jiha ba, da sashe na 43 na kundin tsarin mulki ya ba shi damar mallakar gida ko'ina a Najeriya, takardarsa za ta fito a lokaci ɗaya da ta ɗan gari?